Tallafin Karatun Malanta a Jihohin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Sa Hannu

Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo ya ja ni gefe a ƙofar masallaci, ya zaro takarda daga aljihun rigarsa. An ninke ta gida huɗu, har bakin ninkin ya fara yagewa don yawan buɗewa da rufewa. 'Yarsa ce ta samu tallafin karatun malanta daga gwamnatin jiha, ga farin ciki a fuskarsa, ga kuma damuwa. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini. Wannan kuɗin kyauta ne, ko bashi ake son ɗora wa yarinyar?" Tun daga ranar na ji irin wannan tambaya a bakin iyaye da dama cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka, shi ya sa na tattara amsoshin a wuri guda.

Mene ne ainihin wannan tallafi?

Gwamnatin jiha ce ke biya wa ɗalibi wani kaso na kuɗin jami'a, wani lokaci ma dukkansa, bisa sharaɗin cewa idan ya kammala ya samu lasisin koyarwa, zai koyar a makarantun gwamnati na jihar tsawon wasu shekaru da aka ƙayyade. Ɗalibi yana sa hannu a yarjejeniya tun kafin kuɗin ya shiga asusunsa na makaranta. A Amurka harkar ilimi ta jihohi ce, don haka kowace jiha da nata tsarin da adadin kuɗinta da sharuɗɗanta. Abin da aka yi wa ɗan maƙwabcinku a Mishigan ba lallai ne ya yi daidai da abin da za a yi wa ɗanku a Kalifoniya ba.

To, kyauta ce ko bashi?

Amsar da na ba dattijon nan ita zan maimaita: bashi ne da aka kwantar, wanda ake biya da aiki maimakon kuɗi. Idan yarinya ta koyar shekarun da ta yi alkawari, a irin makarantar da aka ce, a fannin da aka ce, an shafe shi, ko sisi ba za ta biya ba. Idan aka samu tangarɗa, bashin ya farka, kuma yakan farka da kuɗin ruwa a kansa.

Sunan da aka raɗa wa shirin kan ruɗi mutane. Wani an kira shi sikolashif, wani an kira shi kyautar karatu, sai mutum ya ɗauka irin wanda ake ba ɗalibi mai ƙwazo ne a ce masa Allah ya ba da sa'a. Wasu jihohin sun fi fitowa fili. Karolina ta Arewa, alal misali, a takardunta tana kiran nata da sunan bashin da ake yafewa. Shawarata ita ce a karanta kowace irin wannan takarda da idon wanda zai ci bashi. A nemi shafin da ke bayanin abin da zai faru idan ba a cika alkawari ba, a fara karanta shi kafin shafin da ke faɗin adadin kuɗi. Yawanci yana can baya, da ƙananan haruffa.

Ban faɗi haka don in tsorata kowa ba. Ga yaron da zuciyarsa ke kan koyarwa, wannan na cikin hanyoyi mafi kyau na fita daga jami'a ba tare da ƙaton bashi a wuya ba, kuma ina fatan ganin 'ya'yanmu da yawa a gaban allo a ƙasar nan.

Me ya sa jihohi ke kashe kuɗi haka a kan masu son zama malamai?

Ƙarancin malamai ne. Akwai fannonin da kullum ake neman mutum ba a samu: lissafi, kimiyya, koyar da yara masu buƙata ta musamman, da koyar da Turanci ga yaran da suka zo da wani harshe daga gida. Akwai kuma makarantun da malamai ba sa daɗewa a cikinsu, na ƙauyuka masu nisa da na unguwannin talakawa a manyan birane. Wanda ya karanta lissafi yana iya samun aikin kamfani da albashin da ya fi na malanta nesa ba kusa ba, don haka sai jiha ta nemi kama shi tun yana ɗalibi.

Tarihin Karolina ta Arewa ya nuna yadda abin ke tafiya. A 1986 majalisar dokokin jihar ta kafa shirin Teaching Fellows. Ana zaɓen ɗalibai 400 a shekara daga masu kammala sakandare, daga baya aka kai su 500, ana ba kowa dala 5,000 a shekara, aka kuma ƙara zuwa 6,500, su kuwa su koyar shekara huɗu a makarantun gwamnatin jihar. Shirin ya yaye malamai sama da dubu takwas, har wasu jihohi suka kwaikwaye shi. Sai a 2011 majalisar ta yanke masa kuɗi, rukunin ƙarshe ya kammala a 2015. A 2017 aka sake farfaɗo da shi da sabuwar fuska: har dala 8,250 a shekara, amma ga masu karatun koyar da kimiyya da lissafi da yara masu buƙata ta musamman kawai. Wannan tarihi yana da amfani ga iyaye. Shirin da ke nan bana yana rayuwa ne da kasafin kuɗin da 'yan majalisa ke amincewa da shi, saboda haka kada a gina lissafin ƙanen yaro a kan abin da yayansa ya samu shekara biyar da suka wuce.

Nawa ake bayarwa, shekara nawa kuma ake aiki?

Ya bambanta sosai. Karolina ta Kudu, wadda ta kafa nata shirin a 1999, ta daɗe tana ba da har dala 6,000 a shekara na tsawon shekara huɗu, a koyar shekara ɗaya a madadin kowace shekarar da aka karɓi kuɗi. Bajiniya ta Yamma tana da shirin Underwood-Smith, wanda ke ba ɗalibai ƙalilan har dala 10,000 a shekara, su koyar shekara biyar a fannin da ake ƙarancinsa. Mishigan ta ƙaddamar da nata a 2022, shi ma dala 10,000 a shekara, ta kuma ware dala 9,600 ga ɗalibi a zangon da yake gwajin koyarwa. Wannan na ƙarshen ya burge ni ƙwarai, domin zangon gwajin koyarwa shi ne ke karya ɗalibai marasa ƙarfi: kana aji daga safe har la'asar, a mafi yawan wurare ba a biyanka, ba ka kuma da lokacin wani aikin da za ka biya kuɗin haya.

Jihar Niyok, inda 'yan uwanmu ke da yawa musamman a unguwar Bronx, tana da tallafi ga masu son koyar da lissafi da kimiyya a sakandare, sharaɗinsa shekara biyar na koyarwa a jihar. Kalifoniya kuwa, lokacin da ta faɗaɗa shirinta na Golden State a 2021, ta sa har dala 20,000 a kan aikin shekara huɗu. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa da kasafin kowace shekara, don haka a duba shafin hukumar tallafin ɗalibai ta jihar kafin a yanke shawara.

Na ji ana maganar TEACH Grant. Shi ma na jiha ne?

A'a, na gwamnatin tarayya ne, amma ya kamata a san shi domin sau da yawa ofishin tallafin ɗalibai na jami'a kan miƙa shi tare da na jiha. Dokar 2007 ce ta kafa shi. Yana ba da har dala 4,000 a shekara, kodayake ragin kasafi na tarayya ya sa abin da ke zuwa hannu ya gaza haka kaɗan. Jimillarsa ba ta wuce dala 16,000 a digiri na farko, 8,000 a na biyu. Sharaɗinsa: a koyar cikakken lokaci shekara huɗu cikin shekara takwas bayan kammala karatu, a makarantar da ke hidima ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, a fannin da ake buƙata. Ana kuma son matsakaicin makin karatu, wato GPA, ya kai 3.25 zuwa sama, ko sakamako mai kyau a jarrabawar shiga jami'a.

Wannan shiri ya jawo wa malamai da yawa hawaye, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. A da, dole ne malami ya aika takardar shaida kowace shekara cewa yana koyarwa ko yana da niyyar yi. Wanda ya makara da 'yan kwanaki, ko ya manta sa hannu a wani layi, sai kawai ya ga wasiƙa cewa tallafinsa ya koma bashi, alhali yana cikin aji yana yin aikin da ya yi alkawari. A 2015 ofishin binciken gwamnati mai yi wa majalisar dokokin Amurka aiki ya gano sama da tallafi dubu biyu da aka mayar bashi bisa kuskure. A 2018 wani nazari na Ma'aikatar Ilimi ya nuna kashi 63 cikin 100 na rukunin farko da aka duba, tallafinsu ya koma bashi. A wannan shekarar gidan rediyon NPR ya bi diddigin lamarin har ma'aikatar ta buɗe ƙofar sake duba ƙorafi, malamai da yawa suka samu aka gyara musu. Daga Yulin 2021 an sassauta dokar, rashin aika takarda a kan lokaci shi kaɗai ba ya mayar da tallafi bashi. An samu sauƙi, amma darasin yana nan ga kowane shiri irin wannan: aikin da ba a rubuta shi a takarda ba, a wurin hukuma kamar ba a yi shi ba ne.

Ina Kano, ko Maraɗi, ko Kumasi. Zan iya nema daga nan?

Gaskiya, a'a. An yi waɗannan shirye-shirye ne don mazauna jihar, kuma yawancinsu suna neman ɗalibi ya kasance ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, wato girin kad. Tallafin tarayya ya haɗa da 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, amma bai haɗa da mai bizar karatu ba. Jihohi da yawa kuma suna son a ga an zauna cikinsu aƙalla shekara guda. Duk wanda ya ce ku turo masa kuɗi zai samo muku irin wannan gurbi daga gida, ɗan damfara ne. Fom ɗin neman tallafin gwamnati, wanda ake kira FAFSA, kyauta ake cika shi.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun saba da gwamnatin jiha ta tura ɗalibai karatun likita bisa yarjejeniyar su dawo su yi wa jiha aiki. A Najeriya ma, a Ranar Malamai ta Duniya ta 2021, gwamnatin tarayya ta sanar da alawus na naira 75,000 a kowane zango ga masu digirin ilimi a jami'o'in gwamnati, da 50,000 ga 'yan NCE. Bambancin shi ne a Amurka idan aka karya yarjejeniya ana bin kuɗin har ƙarshe, kuma rashin biya yana ɓata wa mutum tarihinsa na bashi, wanda da shi ake duba cancantarsa idan zai kama haya ko ya sayi mota ko gida.

Gwamnati ce za ta tura ni makarantar da zan koyar?

Ba a tura mutum kamar yadda ake tura masu bautar ƙasa. Kai za ka nemi aiki da kanka, gundumar makarantu ta ɗauke ka, kuma a wuyanka yake ka tabbatar makarantar ta cika sharaɗin yarjejeniyarka. A nan ake yawan tuntuɓe. Makarantu biyu suna iya kasancewa a gunduma ɗaya, titi uku ne tsakaninsu, ɗaya tana cikin jerin da aka amince da shi, ɗaya ba ta ciki. Kalifoniya, misali, tana ƙirga makarantar da sama da kashi 55 cikin 100 na ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, ko masu koyon Turanci, ko yaran da ke hannun riƙon hukuma. Gwamnatin tarayya tana da nata kundin makarantu da ake sabuntawa duk shekara. Kafin ka karɓi aiki, nemo sunan makarantar a jerin da idonka, ka adana hoton shafin.

Masu burin koyarwa a makarantar Islamiyya mai zaman kanta su lura da kyau: mafi yawan shirye-shiryen jihohi makarantun gwamnati suke ƙirgawa. Burin mai kyau ne, sai dai zai jira a sauke alkawari tukuna.

Idan na kasa cika alkawari, nawa zan biya?

Bari mu yi lissafi da TEACH Grant, domin dokarsa a fili take. Idan ya koma bashi, ana ƙirga kuɗin ruwa ne tun daga ranar da aka saki kuɗin, ba daga ranar da ya koma bashi ba. Kuɗin ruwan irin wannan bashi ga masu digiri na farko a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne cikin 100. Dala 4,000 a wannan ma'auni tana tara kimanin dala 261 a shekara. Idan yaro ya karɓa a ajin farko, aka shekara goma sannan abin ya juye, dala 4,000 ɗin nan kaɗai ta haifi sama da 2,600. A haɗa da na sauran shekaru uku a ga inda aka kwana. Abin da ya fi ciwo, shirin tarayya ba ya rage komai don an yi rabin aiki: wanda ya koyar shekara uku cikin huɗu ya tsaya, duka zai biya.

Wasu jihohi sun fi sassauci, suna yafe kaso gwargwadon shekarun da aka yi. Wasu kuma kuɗin ruwansu ya fi na tarayya. Tsohon shirin Karolina ta Arewa kashi 10 cikin 100 yake ɗorawa.

Rashin lafiya fa, ko haihuwa, ko aure ya kai ni wata jiha?

Larura tana da gurbi. A shirin tarayya ana iya dakatar da ƙirgen shekaru takwas ɗin saboda rashin lafiya mai tsanani, haihuwa, jinyar na kusa, aikin soja, ko ci gaba da karatun malanta, amma sai an nema a rubuce. Mutuwa ko naƙasa ta dindindin suna shafe alkawarin. Jihohi ma galibi suna da makamancin haka.

Ƙaura ce ba ta da gurbi, kuma ita ta fi shafar 'ya'yanmu mata. Yarinya ta karɓi tallafin jiha tana shekara goma sha takwas, ta kammala tana ashirin da biyu, Allah ya kawo miji yana aiki a wata jiha mai nisa. Tallafin jiha ba ya bin mutum, koyarwar da za ta yi a can ba ta shiga lissafi. Na ga inda wannan ya faru. Amarya ce, akwatunanta ba a gama kwancewa ba a sabon gari, wasiƙar biyan bashi ta iso gidan iyayenta. Da an san da maganar tun lokacin neman aure, da an tsara: ko a jinkirta tarewa, ko mijin ya nemi canjin wurin aiki, ko a ware kuɗin biya tun farko. Iyaye su faɗa wa dangin miji wannan yarjejeniya a fili kamar yadda ake faɗin duk wani nauyi da ke kan yarinya. TEACH Grant ya fi sauƙi ta nan, domin ana iya cika shi a kowace jiha, muddin makarantar da fannin sun dace.

Maganar kuɗin ruwa tana damuna ta fuskar addini. Yaya zan yi?

Damuwa ce mai tushe, kuma iyaye da yawa ita ce ta farko a ransu. Yadda abin yake shi ne: wanda ya cika alkawari ba ya biyan uwar kuɗi, ba ya biyan ruwa. Amma sharaɗin ruwan yana rubuce a cikin takardar da ake sa wa hannu tun ranar farko. Hukuncin wannan na malamai ne. Ku ɗauki yarjejeniyar kanta ku kai wa malamin da ya san yadda tsarin karatun ƙasar nan yake, a fassara masa sashen da ke maganar juyewa zuwa bashi kalma da kalma, kada a taƙaita masa da baki. Akwai kuma tallafin da ba shi da wani sharaɗin aiki ko biya, irin Pell Grant na masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ma ta FAFSA ake samunsa. A fara tattara irin waɗannan, sannan a ga giɓin da ya rage.

Ana iya haɗa shi da shirin yafe bashin malamai?

Sau da yawa ana iyawa. Malamin da ya yi shekara biyar a jere a makarantar masu ƙaramin ƙarfi yana iya samun yafiyar har dala 17,500 daga bashin karatunsa na tarayya idan lissafi ko kimiyya yake koyarwa a sakandare, ko yara masu buƙata ta musamman, sauran kuwa har 5,000. Akwai kuma yafiyar ma'aikatan gwamnati bayan biya 120 na wata-wata. A ƙa'ida ba a ƙirga shekaru guda a waɗannan biyun lokaci ɗaya, don haka mai bashi mai yawa ya zauna da ofishin tallafi a auna wanda ya fi masa.

Ɗana bai tabbatar yana son malanta ba, amma kuɗin zai taimaka mana. Ya karɓa?

Ra'ayina, kada ya karɓa tukuna. Matsakaicin albashin sabon malami a Amurka a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 bai wuce kimanin dala 44,500 ba, aikin kuwa yana bin mutum har gida da takardun gyara. Shekarar farko a makarantar da ke fama da ƙarancin malamai tana da wuya ko ga wanda ya shigo da so. Wanda ya shigo don kuɗin makaranta kawai, zai wahala, yaran da ke gabansa ma su wahala, kuma su ne 'ya'yan talakawan da aka kafa shirin dominsu.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. Ya nemi aikin taimaka wa yara da darasi bayan an tashi makaranta, ko aikin sansanin yara lokacin hutun bazara, ko ya riƙe aji ɗaya a Islamiyyar unguwa ranar Asabar da Lahadi na 'yan watanni. Idan ya dawo gida a gajiye amma yana ba ku labarin yaron da ya gane raba lamba yau, to alama ta fito. Shirye-shirye da yawa suna karɓar ɗalibi a aji biyu ko uku na jami'a, don haka jinkirin shekara guda ba ya rufe ƙofa.

Mun yanke shawarar nema. Daga ina za mu fara, me kuma za mu adana?

A cika FAFSA da wuri, galibi ana buɗe shi a watan Oktoba, kuma kuɗin wasu jihohi kan ƙare kafin wa'adi ya cika. A tabbatar jami'ar da yaro zai shiga tana cikin waɗanda shirin ya amince da su, domin wasu shirye-shiryen da jami'o'i ƙalilan suke aiki. A tambayi ofishin tallafi, a rubuce ta imel: shekara nawa ne aikin, cikin shekara nawa za a kammala shi, wace makaranta ake ƙirgawa, me zai faru idan an canja fannin karatu ko an faɗi jarrabawar lasisi, ana yafe kaso idan an yi rabi, kuma daga wace rana ruwa ke fara hawa.

Sannan a sayi fayil guda a ware shi don wannan kawai. Kwafin yarjejeniya, kwafin lasisi, takardar ɗaukar aiki, da fom ɗin shaidar koyarwa da shugaban makaranta ya sa wa hannu a ƙarshen kowace shekara, kafin a tafi hutu, domin shugabanni suna sauyawa kuma wanda ya zo daga baya bai san ka ba. Duk lokacin da aka sauya gida ko lambar waya ko imel, a sanar da hukumar a makon. Imel ɗin jami'a kan mutu bayan an kammala, saboda haka tun farko a ba su na kai.

Iyaye kuma su zauna da yaron a karanta takardar tare, shi ya karanta da bakinsa, ya fassara muku da Hausa sashe bayan sashe. Sa hannunsa ne zai hau kanta, kuma shi hukuma za ta nema da sunansa da lambarsa bayan shekara huɗu ko takwas, don haka inda ya kasa fassarawa, nan ne za a koma ofis a sake tambaya kafin ranar sa hannu.